Ranar da Na Daka Turmi Babu Komai a Ciki

Akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga raina ba har a kai ni makwancina. Ni ban yi boko ba, ban san lissafin shekaru na takarda ba, amma ina da nawa lissafin da bai taɓa ɓace mini ba. Na shigo Makka da goyon ɗana na fari shekara biyu kafin 'yan bindiga su shiga Harami. Mijina ya rasu shekarar da wuta ta ci tantuna a Mina. Abin da zan faɗa kuwa ya faru ne kusan shekara biyar bayan ƙugiyar gini ta faɗo a kan masallata, wato shekarar korona, ana saura kwanaki a ɗauki azumi. Ni ke faɗa, matar wani ɗalibi maƙwabcinmu ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ko da inda na ji kunya ne.

Layinmu a unguwar Mansur hawa ne, ƙofarsa ɗaya, gidana ne a kan kwana. In na hau saman bene ina ganin duk motar da ta karyo daga titi kafin kowa ya gan ta. Ni da 'ya'yana muna da igama, wato takardar zama, amma da yawa cikin mutanen layin ba su da ita. Wasu Makka aka haife su, ba su san hanyar Kano ba ko a mafarki. Saboda haka tun muna da ƙarfinmu muka yi wata dabara. Ina da turmi da na zo da shi daga gida, da shi nake dakan fura. In na hango motar masu kame sai in juye abin da ke ciki, in daka shi wayam, uku-uku. Duk macen da ta san daka ta san kukan turmi mai hatsi daban, na wanda babu komai daban. Kafin mota ta hawo, layi ya yi tsit, kowa ya san inda zai shige. Shekara talatin da wani abu, ba a taɓa ɗaukar mutum a layinmu ina kan bene ba. Ina alfahari da wannan, kuma ba na ɓoye alfaharin. Ko limamin masallacinmu in ya yi magana sai a waiwayo a ga ko na gyaɗa kai.

Cikin waɗanda turmin nan ya rufa wa asiri har da aminiyata, mutuniyar Damagaram. Mota ɗaya ta ɗauko mu daga tashar jirgin ruwa ranar da muka sauka. Takardarta ta mutu bayan rasuwar mijinta, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata, aka yi ta ce mata ta koma gida ta ƙi. Ba abin da take so a duniya illa a sallace ta a Harami. Mu Kanawa da Damagarawa kun san abokan wasa ne, sai ta zauna tana damun furata tana cewa, “Ke Bakanuwa, ke za ki wanke ni, amma don Allah kada ki yi mini rowar sabulu irin ta garinku.” Ni kuma in ce, “Baiwata, ai ko ruwan ma sai na auna.”

Cutar nan ba rana ɗaya ta rufe mu ba, hawa-hawa aka yi ta matse mu. Aka fara tsai da umara, muka ce na kwana biyu ne. Muka ga farin dutsen da ke kewaye da Ka'aba a talabijin ba mutum ko ɗaya a kansa, ni da na ga ambaliya na ga bindiga ban taɓa ganin haka ba. Ladan ya yi kiran salla ya ce a yi a gida, muryarsa na rawa. Sai dokar kulle, da farko daga magariba, aka dawo da ita tun kafin la'asar, aka killace wasu unguwanni ba shiga ba fita, daga ƙarshe aka rufe Makka duka dare da rana. Kullum wani mutum zai fito a talabijin ya karanto adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Ba na iya riƙe lambobin, amma ina da kunne, na ji na yau ya fi na jiya tsawo a baki, kuma sunan Makka ba ya nisa da sama.

Ina da jika mace, 'yar ɗana na fari, tana karatun jinya a jami'a. An rufe musu azuzuwa, suna karatu ta waya. Da abin ya yi tsanani malamansu suka nemi ɗaliban da za su ba da kansu su bi ma'aikatan lafiya unguwa-unguwa ana gwada mutane, musamman masu jin wani harshe bayan Larabci. Yarinyar nan Hausarta gurguwa ce, rabi Larabci, kullum ina yi mata dariya. Ashe wannan gurguwar Hausar ma an neme ta. Ta rubuta sunanta, ta bar gida ta koma masaukin da aka ba su don kada ta kwaso mana cuta.

A lokacin ne aminiyata ta fara zazzaɓi da tari. Ɗakinta na jikin nawa, ina tsallakawa in kai mata kunu da ruwan zamzam da habbatus sauda. Na faɗa wa jikata a waya, sai ta kira ni bayan kwana biyu.

“Ya Sitti,” haka take kirana, wato kaka, “gobe da safe za mu zo layinmu. Ni na roƙi malamarmu ta sa mu a jerin. Ki fito da ita.”

Na ce, “Ku da wa?”

“Mu da ma'aikatan lafiya. Gwaji ne bas, gwaji kawai. An yi shela, magani kyauta ne ga kowa, ko ba shi da igama. Wallahi ba wanda zai tambayi takarda.”

“Ke yaushe aka haife ki? Hukuma ta zo ƙofar gida da mota ta ce ba ta son takarda?”

“Sitti, don Allah, don Annabi, kada ki taɓa turmin nan.”

Na ce mata na ji. Ban ce na yarda ba.

Da hantsi na hau bene. Sai ga motoci farare sun karyo, gabansu motar 'yan sanda. Aka fito, mutane cikin fararen riguna tun daga kai har ƙafa, ba ka gane mace ba ka gane namiji, kowa da allon rubutu a hannu. Na tsaya riƙe da taɓarya. Maganar yarinyar na cikin kunnena, ba zan yi ƙarya in ce na manta ba. Amma idona ya ga motar 'yan sanda, ya ga masu rubuta sunaye, zuciyata ta ce: in aka ɗauki aminiyarki yau, a Damagaram za ta mutu, kuma ke kika miƙa ta. Na ɗaga taɓarya na daka, uku-uku, da duk ƙarfin da ya rage mini.

Ban taɓa jin turmin ya yi kuka kamar ranar ba, don gari shiru yake, ba mota ba mai talla. Ƙofofi suka rufe. Aminiyata da zazzaɓinta ta ja jiki ta hau matakala har sama, ta kwanta bayan tankin ruwa a cikin wannan rana ta Makka, kamar yadda ni da kaina na koya mata shekarun baya.

Suka bi layi suna ƙwanƙwasawa, sai mu masu takarda ƙalilan suka samu, mu ma muka ce lafiyarmu lau. Da suka zo ƙofata, ɗaya daga cikinsu ta tsaya nesa kaɗan. Ta idanu na gane ta, ta bayan gilashin da ya rufe mata fuska. Ba ta ɗaga murya ba.

“Sitti, ina take?”

Na ce, “Ta yi tafiya.”

“Tafiya ina, gari a kulle?” Gilashin ya yi hazo. “Ni na kawo su, Sitti. Ni kika kora.”

Ko a lokacin ban karaya ba. Na shiga gida ina cewa yarinya ce, jami'a ta cika mata kai.

Kwana huɗu aka yi. Rana ta biyar na shiga da kunu na tarar aminiyata zaune ta dafa bango, tana jan numfashi kamar mai hawan dutse, leɓunanta sun canza launi. Na ce, “Baiwata, sha kaɗan.” Ta dube ni tana son ta rama, kalma ɗaya ta kasa fita. Ranar ni na kira jikata, ni na ce a turo motar asibiti. Suka zo suka ɗauke ta a gaban kowa da rana tsaka. Na tsaya ina jira in ji an ce ina igamarta. Sunanta suka tambaya da shekarunta da yaushe ta fara tari. Shi ke nan. A asibiti ma haka, aka sa mata na'urar numfashi kamar kowa. Kwana biyu ta yi, Allah ya karɓi abinsa, ranar uku ga azumi.

Ban wanke ta ba. Ban ga fuskarta ba. Lokacin ba a kai gawa Harami, a maƙabarta mutane ƙalilan suka sallace ta. Ƙasar Makka ta samu, alhamdulillahi, amma sallar da ta yi shekaru tana ɓuya dominta ba ta samu ba. Da mutumin talabijin ya karanto adadin waɗanda suka rasu a ranar, karon farko na san ɗaya daga cikinsu, na san yadda take son fura da tsami.

Na tambayi jikata, da an gwada ta tun ranar da kuka zo, da ta rayu? Ta ce, “Allah ne masani, Sitti. Amma kwana biyar suna da yawa.” 

Ana cikin haka tari ya bazu a layi, gida bayan gida. Malamar jikata, likita ce a jami'ar, ta kira ni da kanta, yarinyar na yi mana tafinta inda Larabcina ya tsaya. Ta ce ɗalibansu 'yan Najeriya masu karatun addini sun fassara bayani cikin Hausa, an buga an raba, amma ba abin da ya canza. Na ce mata ai takardun suna nan ana naɗe ƙosai a ciki, mu nawa ne muka iya karatu? Ta yi dariya kaɗan, ta ce to wa mutanen suke saurara? Kafin in buɗe baki jikata ta ce, “Wadda ta daka turmin.”

Na ɗauka faɗa za ta yi mini, likita guda. Sai ta ce, “Ya Hajja, mu mun san cutar, ke kin san mutanen. Ki taimake mu.”

Suka turo mini abin da zan faɗa, aka karanta mini, na ce wannan ba maganar mutane ba ce, ku bar ni in yi tawa. Na riƙe waya a bakina tana ɗaukar muryata don a tura wa jama'a, na yi sallama, na faɗi ko ni wace ce, na ce, “Ni ce na daka turmi, na kuma yi kuskure. Wadda kuka sani ta tafi, ba wanda ya tambaye ta takarda. Gobe za su dawo, ba za ku ji turmi ba. Wanda ya yarda da ni shekara talatin ya ƙara yarda da ni gobe.” Kalmar nan ta kuskure, ban taɓa furta ta a gaban jama'a ba sai ranar. Kafin la'asar muryata ta kai har unguwannin Jarwal da Tandabawi.

Da safe na sa aka sauko da turmin aka kife shi a ƙofar gida inda kowa zai gani, na zauna a kai. Motoci suka hawo, har da ta 'yan sandan. Ina jin idanu ta kowace taga. Jikata ce ta tsaya gefena ta zura mini tsinken auduga a hanci har sai da na yi hawaye. Na ce, “Ke, ramuwa kike yi?” Ta ce, “Shuwayya bas,” wato kaɗan kawai. Sai na ji ƙarar sakata a bayana, wata ta biyo ta. Mai gyaran takalmin da ya fi kowa tsoron kame shi ya fara fitowa, yana tari, riƙe da hannun matarsa.

Ni ma an same ni da cutar. Aka kai mu wani otal na alhazai aka killace mu, a can na ƙarasa yawancin azumi, na fito da ƙafafuna. Mai gyaran takalmi sai da ya kwanta asibiti, ya tashi. Ba wanda aka ɗauka daga layinmu saboda takarda a wannan karon.

Yau cikin mutanen wancan lokaci limaminmu ya rasu, matar mai gyaran takalmi ta rasu bara, shi yana nan yana ɗinki a bakin layi. Likitar tana nan, duk salla sai ta aiko da gaisuwa. Jikata tana aiki a asibiti, ta haifi mace, Hausarta har yanzu gurguwa. Cikin waɗanda muka sauka daga jirgi tare kuwa ni kaɗai na rage. Turmin yana nan, fura kawai nake daka a ciki.

Abin da na koya shi ne, in mutane suka ba ka yardarsu, rayukansu suka ba ka, kuma daɗewa kana da gaskiya ba ya hana ka kuskure ranar da abu ya zo da sabuwar fuska. Yarinyar da na goya ta san abin da ban sani ba, ta roƙe ni, girman kai ya hana ni tsayawa in ji. Duk lokacin da na shiga Harami aka ce a yi sallar gawa, ina tashi in yi, in roƙa wa aminiyata rahama a ciki, in kuma roƙi Allah ya sa ta yafe mini.