Zarto na Uku

Ranar da aka rufe masaƙarmu ta Challawa, abin da na fito da shi kawai ƙaramin injin yankan ƙarfe ne, shi ma ba nawa ba. Shugaban sashenmu na gyara, wani dattijon Jigawa da muke ce wa Malam, shi ya sa hannu a takardar fitar da shi. Ya ce in kai shi gida in riƙa tayar da shi kada tsatsa ta cinye shi, wata uku ne ko huɗu a daidaita a buɗe, sai in dawo da shi in koma bakin aikina. Ya haɗa mini da zarto uku sababbi, kowanne a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na yarda da maganar wata ukun nan har cikin raina.

Injin bai fi keken ɗinki girma sosai ba. Zartonsa siriri ne kamar ɗamara, an haɗe bakinsa biyu, yana zagaya ƙafafu biyu masu juyawa irin na keke, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai ka matse ƙarfe a ƙasa, ka sauke kan injin a hankali, nauyinsa ne ke ci. Ba ya tartsatsi, ba ya ihu, kuma duk gaggawarka ba ruwansa. Halinmu ya zo ɗaya, shi ya sa a masaƙa ba wanda ke taɓa shi sai ni.

Na girke shi a zauren gidanmu a Dorayi. Da wata ukun suka wuce, na fara karɓar ƙananan ayyuka daga masu walda da masu gyaran injin niƙa na Sharada, wani lokaci har daga Bompai. Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. In ta zo ina tsakiyar cin tuwo, haka zan tashi da miya a hannu. Wata rana ta zo da rauni ta ƙone motar injin, wato na'urar da ke juya shi, na ɗaura masa motar famfon ruwa. Ita kuma gudu ne da ita kamar an biyo ta, sai da na sake fuli, faifan da bel ke zagayawa, na rage mata sauri, don zarto in ya yi gudu a kan ƙarfe haƙoransa ne ke ƙonewa. Don sanyaya shi, na rataye galan a bango, na zuro robar ƙarin ruwa irin ta asibiti tana ɗiga masa ruwan sabulu. Tun daga ranar mai ɗakina ta sa masa suna majinyaci. In ta kawo mini abinci sai ta tambaya ya mai jiki, ko ya samu barci.

Zarto kuwa tsinkewa yake. In ya tsinke, sai in goge bakunan biyu da magagari su kwanta a kan juna, in narka tagulla in haɗe, in sake gogewa har yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Amma kowane haɗi yana cin tsawon gaɓar yatsa. Da zarton ya gajarce, na tsawaita ramin da ƙafar sama ke zamewa a ciki don ta matso ta karɓe shi. Na sake tsawaitawa, har ƙarfen wurin ya ƙare. Haka na cinye na farko, na cinye na biyu, na koma sayen na hannu a kasuwa, waɗanda rabin haƙoransu sun riga sun zube.

Na ukun ban taɓa ɗaura shi ba. Na ce wannan na ranar komawa ne, ba zan mayar da amanar mutane da gurgun zarto ba. Duk Juma'a kafin in yi wanka, sai in buɗe aljihun tebur in warware takardar, in shafa masa mai, in mayar. Akwai ranar da wani mai walda ya kawo aikin gaggawa, ba ni da ko guntun zarto mai rai, na ce masa injin ne ya lalace. Mai ɗakina ta ji daga tsakar gida. Kwanon da ta dire mini da rana ya faɗi abin da ke ranta.

Shekaru suka yi ta tafiya. A Sharada masana'antu suka riƙa komawa sito ɗaya bayan ɗaya, masu kawo mini aiki suka ragu. Abokan aikina wasu sun koma gona, wasu suna tuƙa adaidaita sahu, wasu sun rasu. Ni kuwa ina nan ina shafa mai. Ba wai ban san abin da ake ciki ba ne, ina da ido. Tsoro nake ji in daina, don ban san me zan zama ba in na daina.

Wata safiya Malam ya kira ni a waya, muryarsa ta tsufa har sai da ya faɗa mini ko wane ne. Ya ce in kawo injin masaƙa gobe, ana buƙatarsa. Ban tambaye shi komai ba, kuma yanzu na san da gangan na ƙi tambaya. Na ciro zarto na uku na ɗaura, na mayar da ƙafar sama mazauninta na asali, na fito da kakin aikina na da. Mai ɗakina ta tsaya a bakin zaure tana kallona.

"Shi Malam ɗin da bakinsa ya ce buɗewa za a yi?"

Na ce mata in ba buɗewa ba, me za a yi da injin gyara a masaƙa? Faɗa na yi mata sosai, faɗan da har yau nake jin kunyarsa.

A bakin ƙofar masaƙa na tarar da tirela da sikeli. Malam na zaune a kan benci da sanda a hannu, kusa da shi wani Alhaji mai sayen tsofaffin ƙarafa. Alhajin ne ya yi bayani, Malam yana kallon ƙasa. An sayar da injinan saƙa a matsayin gwangwan, ginin kuma za a mai da shi sito. Ba za a yanka da gas ko giranda ba, don burbushin auduga da maiƙo sun cika rufin ɗakin, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara. Ana son abin da zai datsa dogayen sandunan injinan su shiga mota ba tare da wuta ba. Shi ne Malam ya tuna da ni.

Ya kamata in juya. Ban juya ba, don gida ba aiki, kuma Malam ne ya kira.

Aka tayar da janareta, ma'aikatan Alhaji suka kwanto sandar farko suka kawo. Na san ta, ta layi na biyu ce, ni na taɓa sake mata boris ɗin da take juyawa a kai. Na ɗauko tef na auna, na ja layi da alli, na sa sukwaya na duba ko layin ya miƙe, na gyara matsin, na buɗe ɗigon ruwan sabulu, sannan na sauke zarto a hankali. Da ta rabu biyu, na ɗauki magagari ina goge bakin kada ya yanki hannun wanda zai ɗaura ta. Sai na ji Alhaji yana dariya a bayana.

"Bawan Allah, wa kake goge wa? Narka ta za a yi fa. Ka yanka ko ta ina, sikeli bai san karkace ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiya ya faɗa. Na ajiye magagarin. Amma allin na kasa ajiye shi. Kwana tara na yi a ɗakin nan, kowace sanda sai na auna na ja mata layi, su kuma suna jifa da ita cikin tirela. Zarton kuwa ban taɓa ganin mai kyawunsa ba. Haƙori ɗaya bai zubar ba, ko sau ɗaya bai kauce wa layi ba. Da ya tsinke a ranar farko, da na samu hujjar tafiya gida.

Ranar ƙarshe ɗakin ya zama fili, sai ramukan kusoshi a siminti. Na share injin, na goge shi, na tura shi gaban Malam na ce ga amanarku, na dawo da ita. Ya daɗe yana kallon injin da robar asibitin da ke rataye a jikinsa.

"Ka mayar wa wa?" in ji shi. "Ɗauki abinka ka tafi."

Na sa shi a a-kori-kura na koma Dorayi. Mai ɗakina ta kama mini muka shigar da shi zaure, ba ta tambayi jikin majinyaci ba, kuma ba ta ƙara kiransa haka ba. Da Juma'a ta zagayo, kafin in yi wanka, na tsinci kaina a gaban tebur da gwangwanin mai a hannu. Na jawo aljihun, na tarar da takardar nan mai maiƙo a ninke yadda na bar ta, ba komai a ciki.