Murfin Malam Hamidu Na Ashirin Da Uku

Shekara goma sha ɗaya muka yi aiki tare da Malam Hamidu a wani ofishin ajiye takardu a Gusau, ni akawu, shi masinja. An haife shi a Rawayya ta ƙasar Bungudu, gidan noma, ya shigo gari yana da shekara arba'in. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ya gama raba fayil sai ya zauna bakin taga yana kallon sama, kamar mai jiran wani saƙo daga gizagizai.

Abin da ya rage masa na gida shi ne irin wake, fari mai jan ido, wanda kakarsa ta riƙa shukawa. Ban taɓa ganinsa a kasuwa ba. Kowace damina yakan shuka kunya shida a bayan gidansa na Damba, ya ajiye iri a tulu uku, ya liƙe bakinsu da laka. A bazarar 2021 lakar ta tsage, ƙwari suka shiga, tulu biyu suka koma gari. Daga na ukun ya tsinci tafi ɗaya mai rai. Shi ya shuka, da kaka ya samu abin da ya cika tulu guda. In wannan ya tafi, irin ya ƙare.

A watan Nuwamba na shekarar aka ba ni umarnin ƙona tsofaffin takardun da wa'adinsu ya cika. Ina jera su Malam Hamidu ya tsaya a kaina.

"Malam akawu, wanga duk wuta za ta ci?"

"Haka doka ta ce."

"Dokar ta ce wuta, ko ta ce kar a sake karantawa?"

Na duba. Ta ce a lalata su yadda ba za su karantu ba. Na nemi izinin shugabanmu a bar wa Malam Hamidu su, ya yi dariya ya sa hannu.

Kafin Malam Hamidu ya ɗauki ko ɗaya, sai da muka zauna kwana huɗu muna tacewa. Duk takardar da aka buɗe da Bisimilla, ko take da sunan Allah, gefe yake ajiye ta, don ba zai kirɓa ta a turmi ba. Mutanenmu kuwa ko hutun kwana biyu za su nema da sunan Allah suke farawa. Kashi ɗaya cikin uku kawai ya tsira da shi.

Yakan jiƙa takardun kwana uku, ya kirɓa su da ƙaro da busasshen ganyen dalbejiya har su yi laushi kamar tuwo, sannan ya cusa a bakin wani tulu da babu komai ciki, ya bar shi ya bushe ya zama murfi. Na ware littafi na musamman ina rubuta kowane gwaji da ranarsa. Na ɗaya ya yi fumfuna. Na bakwai gara ta ci. Daga na goma zuwa na ashirin da biyu ciwonsu ɗaya: suna shiga daram, amma in sun bushe sai su tsuke, su riƙa rawa a bakin tulu. Duk wannan lokaci iri yana ƙarƙashin laka, zafi kuma yana matsowa.

Wata safiya ya ce mini ya yi mafarki gonar kakarsa ta cika da tuluna a buɗe, takardu suna sauko musu daga sama a hankali kamar balbelu, kowace tana neman bakinta. Ban san a wane layi zan sa wannan ba, sai na rubuta shi a gefen shafi.

Ranar Asabar, sha biyu ga Fabrairu, na je Damba ganin na ashirin da uku. Matarsa Hanatu, 'yar masu ginin tukwane ce daga Tsafe, tana tankaɗe a tsakar gida tana kallonmu.

"Malam, wata uku ka hana ni turmina. Mi kake nema ne?"

"Murfin da ba ya tsukewa."

"To ka nemi ruwan da ba ya jiƙo. Duk abin da aka kwaɓa sai ya tsuke, ko tukunyar innata. Kai ne kake cusa shi ciki. Hularka a cikin kai kake sa ta?"

Malam Hamidu ya taɓa hularsa. Ya daɗe hannunsa na nan. Sannan ya ɗebi kwaɓin ya lulluɓe bakin tulun ta waje, ya gangaro da shi har wuya. Bayan kwana biyar murfin ya bushe, ya tsuke, ya kama leɓen tulun gam. Na ɗaga tulun ta murfin bai saki ba.

A ranar ya ɓamɓare lakar tulun iri, wadda ta riga ta fara tsagewa, ya ɗora faifayin kaba ƙarami, ya gina murfin a kansa. Kowane tulu da irin bakinsa, in ji shi, don haka a jikinsa ake yi masa.

Sau biyu na roƙe shi a buɗe in ga abin da zan rubuta. Ya ƙi. Sai dai yakan kara kunnensa a jikin tulun da rana tsaka, ya lumshe ido. Ya ce wake mai lafiya shiru yake yi. A jikin murfin, in rana ta haska shi, ana hango gutsattsarin haruffa, da wani ɗan shuɗi na tambarin ofis. Na gane wutsiyar sa hannuna a wuri ɗaya.

Ruwan shuka ya sauka ranar takwas ga Yuni. Washegari ya jiƙa gefen murfin, ya murɗa, ya fita ɗungurungum. Ƙamshin dalbejiya ya tashi. Hanatu ta kawo ƙwarya da ruwa, ya zuba tafi ɗaya. Waken ya nutse yana sheƙi, guda huɗu kawai, waɗanda ƙwari suka ci, suka taso.

"Rubuta, Malam akawu," ya ce.

Na rubuta: huɗu. Da na ɗago kai har ya kai kunya ta biyu, yana jefa iri yana rufewa da diddige.