Malamar da Ta Nemi Zobe a Hasken Tauraro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan jiya, ƙaninki ya kira ni ya ce Allah Ya yi miki rasuwa, Malama. Ciwon ƙodar da kika daɗe kina ɓoye mana shi ya zama ajali.

Ni ɗalibinki ne. A ƙaramin ofishinki na ƙarshen baranda na fara jin cewa akwai duniyoyi masu kewaya wasu taurari. Na tambaye ki yadda ake gano abin da madubin hangen nesa ma ya kasa nunawa. Sai kika kunna fitilar tebur, kika zare zobenki, kika gitta shi a gabanta a hankali. Kika ce, "Ba duniyar muke kallo ba, ɗana, hasken tauraronta muke aunawa. In ta gitta, sai hasken ya ragu. In kuwa akwai zobe ko ƙura a kewayenta, zai fara dushewa tun kafin ta iso." Shekaru kika yi a kan tauraro guda. In muka ɓata lissafi ba kya tsawa, sai ki zuba mana shayi ki ce mu sake.

Abin da na gani a zaman makokinki ne ya hana ni yin shiru. Shugaban sashenmu, wanda ya laƙaba miki "Mai Zobe" a taron malamai ana ta dariya, wanda ya kwashe kwamfutarki kina kwance a asibiti, shi ne a sahun gaba yana goge idon da babu hawaye. Ya shaida wa mahaifinki wai "aikinmu" ya kusa fitowa, har ya ce a ɗauke su hoto. Tsoho ya riƙe hannunsa yana ta godiya. Na fita waje na tofar da yawu.

Ƙasar kabarinki ba ta bushe ba takardar binciken ta fito. Sunansa ne a sama, naki can ƙasa, cikin waɗanda aka yi wa godiya. Mu da muka zauna gabanki mun san mai aikin, kuma ba za mu daina faɗa ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba Baba da ƙaninki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi. Wanda ya ci haƙƙinki kuwa, mun bar shi da Allah.