Madubin Ɗakin Kusurwa

Sialei Tafuna ta riga ni fara aiki a otal ɗinmu da ke titin Shortland, tsakanin dogayen benayen bankunan Auckland. Ni ina teburin karɓar baƙi, ita tana gyaran ɗakuna. 'Yar Samoa ce, mai faɗin kafaɗa da siririyar murya. Kowa Anti yake ce mata, har manaja.

Baƙinmu masu kwat ne, su zo Litinin da 'yar jaka, su tafi Alhamis ba su riƙe fuskar kowa ba. Duk ƙorafinsu ta hannuna yake bi, kuma akwai ƙorafi ɗaya da ya yi ta dawowa daga ɗakin kusurwa na hawa na sha biyu: baƙo ya dawo daga taro da yamma, ya tarar an lulluɓe madubi da tawul.

Anti ce ke lulluɓewa. A garinsu haka ake yi. Rana na faɗuwa sai a rufe madubi, kada matattu su leƙo ta ciki. Amma Anti wannan ɗakin kaɗai take rufe wa.

Mijinta Peniamina mai wanke gilasan benen tsallaken titi ne. In igiyarsa ta sauko da shi daidai hawan tana shimfiɗa gado, takan hango shi ta madubin yana ɗaga mata soso. Wata Laraba ta hango shi, amma bai ɗaga komai ba. Kansa ya langaɓe, iska tana juya shi a hankali. Ta ɗauka tsokana ce, ta murguɗa masa baki, ta ci gaba da aikinta. Ashe zuciyarsa ce ta tsaya.

"Haba Anti," in ji manaja, Misis Coulter. "Baƙon jiya ya ɗauka gawa aka fitar daga ɗakin."

"Ya yi askinsa da safe mana. Wa ke kallon fuskarsa da almuru, in ba marar aikin yi ba?"

Haka dai aka yi ta fama, ba ta daina ba, ba a kuma kore ta ba. Sau ɗaya ta yi mini zancen, muna shan shayi.

"Gareth, ina son ganinsa fiye da komai. Amma a wane hali zai zo? In yana ɗaga min soso, madalla. In kuma a rataye fa?"

A otal ɗinmu duk wanda ya ajiye aiki ana ba shi kwana ɗaya a matsayin baƙo. Da gwiwoyinta suka gaza, Anti ta zaɓi ɗakin kusurwa. Ta zo ran Juma'a, unguwar ta watse, sanye da fararen kayanta na coci.

"Yau sai ka ce min ranki ya daɗe."

"Ranki ya daɗe, a kai miki jaka?"

"Kai da bayanka ya fi nawa lalacewa? Miƙo makulli." Ta karɓa, ta ɗan tsaya. "Yau ba zan rufe ba."

Da safe ta sauko, ko kallon abin karin kumallo ba ta yi ba.

"Tun kafin rana ta faɗi nake zaune gabansa," ta ce. "Wata tsohuwa kawai na gani. Ya gaji da zuwa yana tarar da ƙofa a rufe, Gareth. Ni na kore shi."

Ta ajiye makullin ta fita, ba ta waiwayi benen ba.

Bayan tafiyarta ƙorafin tawul ya ƙare. Sai a watan jiya wani akanta daga Wellington ya tsaya a teburina zai tafi.

"Ku ce wa mai wanke gilashin can ya rage surutun hannu. Ina ɗaura lakataye, yana ta ɗaga min soso ta madubi."

Na tambayi mai gadin benen tsallaken titin. Ya ce tun kafin sanyi ba wanda ya hau igiya.

Na kira Anti, na faɗa mata yadda baƙon ya faɗa, ban ƙara ko kalma ba.

"Ka tabbata ɗagawa ya ce?"

"Ɗagawa, Anti."

Na ji ta sauke numfashi.

"To ka gaya wa masu gyara, kowa ya bar madubin nan a buɗe."