Sunan da Fruma Take Miƙewa Dominsa

Isidor Welnik bai taɓa riƙe bindiga ba, bai taɓa hawa doki ba, ko kare ya yi masa haushi sai ya tsallaka titi. Amma a Los Angeles ta wancan zamani, kaboyi da 'yan sanda da 'yan fashi da yawa da bakinsa suke magana. Aikinsa ke nan: ya zauna gaban tafireta ya tsara labarin fim, 'yan wasa su kwashe tafi, shi kuma a haska sunansa a farko, kafin ka gyara zama ya wuce.

Wannan ɗan lokacin kuwa na mutum ɗaya ne, uwarsa Fruma. Tela ce da ta tsallako teku daga wani ƙauyen Rasha, da keken ɗinki da yaro a hannu. Turancinta na cefane ne, karatunsa kuwa babu, in ban da sunan ɗanta, wanda ta haddace siffarsa kamar zanen yadi. Duk fim ɗinsa da ya fito sai ta sa hularta mai gashin tsuntsu, su tafi kallon rana a silimar unguwa. Sunan na bayyana sai ta miƙe cak.

"Iya, ki zauna mana! Kin tare mu!" in ji na baya.

"In zauna? Ni na haife shi. Kai wa ka haifa?"

Sunan na wucewa sai ta zauna, ta harɗe hannu, ta sha barcinta har a kunna fitilu. Isidor yakan nutse cikin kujera don kunya.

"Mama, ko sau ɗaya ki kalli abin da na rubuta mana."

"Na ga abin da na zo gani. Sauran ai ƙarya ce, kai ka shirya ta."

Bayan yaƙin duniya na biyu aka shiga farautar 'yan gurguzu a masana'antar fim. Isidor a samartakarsa ya ɗan halarci tarurrukansu, rabi don aƙida, rabi don wata yarinya mai raba takardu wadda ko kallonsa ba ta yi ba. Wani kwamiti ya kira shi ya ce ya faɗi sunayen waɗanda ya gani a can. Mutumin nan mai tsoron kare ya ce ba zai faɗa ba. Babu wanda ya ce masa an kore shi. Wayarsa ce kawai ta daina ƙara, mai gadin kamfani kuma ya fara kallon ƙasa in ya hango shi.

Irinsa ba su daina rubutu ba, suna suke ara. Nasa aron Chester Dooley ne, wani mai shagon takalma mai fara'a a unguwarsu, wanda bai taɓa rubuta abin da ya wuce farashi ba. Isidor ya rubuta, Chester ya sa kwat ya kai, ya karɓi kasonsa da yabon gaba ɗaya. Sharaɗin ɗaya ne: kada kowa ya ji, don in ta fito su biyun sun tashi. Kowa ɗin nan kuwa har da Fruma, wadda in ta sayi kaza da araha kafin rana ta faɗi duk layi ya sani. Sai ya ce mata hutu yake yi.

Wata rana Chester ya bugo waya yana haki.

"Isidor, na shiga uku. Darakta ya tsare ni, wai me ya sa kaboyin nan ya zauna a kan sirdinsa ya yi shiru kafin ya tafi?"

"Ce masa tunani yake yi."

"Tunanin me?"

"Haba Chester, kai ne fa marubucin. Ka dubi taga ka yi ajiyar zuciya, za su ce hikima ce."

Gaskiyar magana, shi kansa Isidor bai san dalili ba. Hannunsa ne ya rubuta.

Fruma ba ta daina zuwa silima ba. Duk mako sai ta ja shi, kowane fim ne. Abin da ya canza shi ne ta daina barci. Tun daga farko har ƙarshe idonta na kan allo, leɓenta na motsi. Shi kuma yana gefe, kewar tsayuwarta na cin sa. Bai yi kewar ofis ba, bai yi kewar liyafa ba. Abin da yake so a duniya shi ne ya sake jin an daka wa tsohuwar nan tsawa ta rama. In sunan Chester ya fito sai ya saci kallonta, ya gan ta zaune ta damƙe hannun kujera, ya ce a ransa ciwon baya ne.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Gashin hular ya karye, hannun Fruma ya daina iya zura zare. Ranar da za a kwantar da ita asibiti, akwati na bakin ƙofa, mai tasi na ta danna oda, sai ta kama hannun rigarsa.

"Zauna."

Ya zauna. A gidansu ba a fita tafiya sai kowa ya zauna ya yi shiru na ɗan lokaci, haka aka yi a ƙauyensu, haka ta yi da shi ranar da suka bar ƙauyen. Ita ce ta katse shirun.

"Kaboyin nan na mai takalma ya samu tarbiyya."

"Wane kaboyi, Mama?"

"Kai, rufe mini baki. Wanda ya zauna a kan sirdi. Da sojan da ya zauna a kan jakarsa, da yarinyar da ta zauna a bakin gado jirgi na jiranta. Wane Ba'amurke ne zai zauna kafin tafiya? Mutanen da ko abinci a tsaye suke ci?"

"Ashe kin sani. Me ya sa ba ki taɓa nunawa ba?"

"In na miƙe ai duk unguwa ta sani. Kai ka iya riƙe bakinka a gaban manya, ni in kasa riƙe ƙafafuna? Kujera nake kamawa har yatsuna su yi tsami." Ta gyara hularta. "Amma ina so in ga sunanka a allo, Isidor. Ko sau ɗaya. Ba don mai takalma na tsallako teku ba."

Ya ce za ta gani. Ya faɗa da ƙarfi, ya kuma maimaita a cikin tasi.

Fruma ba ta dawo gida ba. Sai bayan an kafa dutse a kan kabarinta sannan iska ta fara juyawa, wani mai shirya fim mai taurin kai ya ce ya gaji da wasan ɓuya, sunan wanda ya rubuta zai sa. Babu wanda ya ba Isidor haƙuri, babu ma wanda ya yarda an taɓa hana shi aiki. Chester ya koma kan takalmansa, ya ce rabonsa da barci mai daɗi tun ranar da ya zama mai hikima.

Ranar da fim ɗin ya fito, Isidor ya sa kwat, ya zauna a bakin gado ya yi shiru, sannan ya tafi kallon rana a silimar unguwa. Aka kashe fitilu. Sunan ya fito, fari tas, harafi bai ɓata ba. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Baba, ka zauna mana! Ka tare mu!"

Ya buɗe baki, amma amsar ba tasa ba ce, mai ita kuma ba ta nan. Ya ci gaba da tsayuwa har sunan ya wuce.