Mak-fo a Ranar Tashinmu

Sojoji biyu ne a gidanmu, a ƙasar Bebeji, cikin ƙauyen da yanzu ruwan Tiga ya kwanta a kansa. Babanmu ya yi yaƙin Bama, yayana kuma ya dawo daga yaƙin basasa da kunne ɗaya a toshe. Ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kira, kuma ban taɓa jin sun yi hira ba sai a kan bindiga.

Baba mak-fo ya riƙe, mai dogon katako, mai cin harsashi goma. Kowane harbi sai ka ja ƙarfen gefe, kwanso ya fita, ka tura wani. Ya ce akwai gajeruwarta da aka ƙera don kurmi, amma tana shurin kafaɗa kamar jaki. Yaya kuwa da mak-fo aka koya masa, daga baya aka ba shi mai ɗura kanta, mai cin ashirin.

"Wannan ai ta ragwaye ce," in ji Baba. "Mu kafin ka sake harbi, ka ga wanda ka harba."

"Shi ya sa aka canja ta, Baba," in ji Yaya. Ya tashi ya bar tuwonsa.

Shekarar da aka tashe mu ina gida wankan jego. Motocin kwasar kaya suka zo da masu kaki biyu 'yan rakiya. Ɗaya na rataye da mak-fo, katakonta ya yi baƙi don tsufa. Baba ya ajiye damin dawa ya nufe shi.

"Yaro, ara mini in ji nauyinta."

"To Baba, bari in cire harsashin."

Mai kakin ya ja ƙarfen, ƙaras-ƙaras. Yaya na bayansa ɗauke da ƙyauren ɗakin innarmu. Sai ya saki ƙyauren, ya faɗi rubda ciki, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin mota yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba. Da aka jawo shi, wandonsa a jiƙe, gaban surukansa da yaran unguwa. Mai kakin ya yi ta ba da haƙuri. Baba ya tuɓe rigarsa ya rufa wa Yaya.

A sabon matsuguninmu Yaya bai ƙara zama cikin maza ba. Matarsa ta daure damina biyu, sannan danginta suka zo suka tafi da ita Kiru. Ya samu kwalekwale yana wuni a ruwa, sau da yawa ya dawo ba ko ƙaramar karfasa. Wata Laraba masunta suka hango kwalekwalen yana yawo shi kaɗai ta wajen Tudun Wada, komarsa ta kamun kifi a naɗe. Sai washegari aka samo gawar Yaya.

Baba ne ya yi masa wanka, ya hana kowa taya shi. Da ya fito ya zauna a dakali, ya ce in kawo masa ruwa. Na kawo, bai sha ba.