Ranar da Akwetey ya koma ƙarƙashin ruwa

Duk wanda ya taɓa zuwa shan iska a bakin kogi a garin Ada ya san Akwetey Ocansey, dogon dattijon nan mai ba da hayar ƙananan kwale-kwalen roba. Rumfata ta kwakwa tana jikin tasa, shekara goma sha ɗaya ke nan. A ƙuruciyarsa ɗan nutso ne, yana kwaso kawa, wato dodon-koɗin ruwa da ake ci, daga gindin kogi, har ciwon kunne ya raba shi da sana'ar. Tun daga nan bai ƙara nutsewa ba.

Mutum ne mai alfahari da koginsa. Idan baƙin Accra suka yamutsa fuska, sai ya kamfaci ruwan da tafin hannu ya kurɓa, ya ce, "Kun gani? Ya fi wanda kuke saye a kwalba."

Ranar Litinin ɗin Ista wani saurayi mai suna Selorm ya ɗauki kwale-kwale da budurwarsa. A tsakiyar ruwa ya fito da zobe zai saka mata, zoben ya suɓuce ya faɗa ruwa. Ya dawo gaɓa kamar zai yi kuka.

"Baba, an ce kai ne gwanin nutso. Na mahaifiyata ne, ka rufa min asiri."

Matar Akwetey, Maku, wadda ke sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a wurin, ta ce, "Wannan tsohon? Sai dai a nemo mai nutson da zai ciro shi."

Maganar nan ce ta sa ya tuɓe riga. Na tuƙa shi zuwa wurin tare da Selorm da budurwarsa, ya ja numfashi ya faɗa.

Da ya ɓullo, ban gane fuskarsa ba. Ya kama bakin jirgi yana kallona kamar wanda ya ga fatalwa.

"Tetteh, babu yashi."

"Kamar yaya babu yashi?"

"Na tura hannu har kafaɗa. Leda ce. Leda a kan leda."

Ya sake komawa, sau shida. Duk fitowa sai ya watso abin da ya runguma cikin jirgi: ledojin fiya wata da suka yi baƙi ƙirin, kwalaben giya, kunzugun jarirai da ya kumbura, gashin kanti, matacciyar kaza a ɗaure cikin buhu. Wari ya turnuƙe mu, budurwar nan ta juya ta yi ta amai. A zuwa na ƙarshe ya fito da robobin zuba abinci ruwan ɗorawa, sun fi ashirin, cushe cikin juna. A duk bakin kogin mutum ɗaya ce ke zuba abinci a irinsu.

Da muka dawo gaɓa ya ajiye su gaban matarsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Maku, da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi.

"Ni na ɗauka ruwa yana tafiya da su," in ji ta.

"Ni ma haka. Kuma ni nake miƙa wa baƙi abincin a jirgi."

Ba a ga zoben ba. Kwana uku Akwetey bai fito ba, hannunsa duk ƙuraje, ciwon kunnen ya tashi. Da ya dawo ya ɗaura buhu a kowane kwale-kwale, ya kafa doka: wanda ya shiga da kwalba sai ya fito da ita. Wasu baƙin suka ji haushi suka koma wajen masu haya na gaba, waɗanda ke tsokanarsa da sunan sarkin shara.

Bai kula su ba. Kowace Talata, da ba kowa a ruwa, shi da tsofaffin abokan nutsonsa biyu suna fita su cika jirgi da sharar gindin kogi. Likita ya hana shi saboda kunnen, yanzu na hagun ya mutu gaba ɗaya. Idan za ka yi masa magana, ka tsaya ta damansa.